Mamman Shata: Mawaƙin da ya sa direba da ɗan tireda cikin tarihi

Wanda ya taɓa hawa mota daga Katsina ya bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, da wuya a ce bai ji kalangun Shata na tashi daga rediyon direba ba. A kan wannan hanya Alhaji Mamman Shata ba baƙo ba ne, ko a ɓangaren Najeriya ko na Nijar, duk da cewa ya bar duniya tun ranar 18 ga Yunin 1999.

An haife shi a Musawa ta Jihar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani ana kallon waƙa a matsayin roƙo, kuma gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Yaron ya fara da tallar goro da alewa, amma dandali ya fi jan hankalinsa. Daga baya ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano.

Ya yi wa sarakuna waƙa, wannan ba a musu. Sai dai abin da ya sa talaka ya riƙe shi nasa shi ne yadda ya shigo da direbobi, 'yan kasuwa, manoma da sojoji cikin waƙa, ya ambaci garuruwa da tashoshin da suka sani. Yakan ƙirƙiri baiti nan take a gaban jama'a, makaɗa da 'yan amshi na bin sa.

A nan ne ya yi kama da mawaƙan kantiri na ƙauyukan Amurka, irin su Jim Reeves da Don Williams, waɗanda gidajen rediyon Najeriya suka daɗe suna sakawa. Su ma jigonsu doguwar hanya ce, da kewar gida, da aikin ƙarfi, da ibada, da kwalba. Har rukunin waƙoƙin direbobin manyan motoci gare su. Hank Williams, wanda giya ta ɗaiɗaita wa rayuwa, ya mutu a bayan mota ranar 1 ga Janairun 1953 yana da shekara 29, a kan hanyar zuwa wasa. Shi ma Shata waƙarsa ta shan ruwa ta jawo masa suka daga malamai, kuma har gobe wasu da ita suke auna shi. Wannan awo bai yi masa adalci ba, don mutumin da ya rera ta shi ne ya rera waƙoƙin noma, aure da yabon Annabi (SAW), ga Bakandamiya, ga ta kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969.

Masana ba su jira mutuwarsa ba. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka, sannan a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Ya taɓa siyasa ma, har ya yi kansila a Kankiya.

Ya rasu a Kano bayan jinya, aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka binne shi a can.