Gaspard Monge (1746–1818): Malamin da Ya Aza Harsashin Makarantar Injiniyoyi ta Faransa

An haifi Gaspard Monge a garin Beaune na ƙasar Faransa a shekarar 1746. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai ƙaramin jari. Tun yana yaro hazaƙarsa ta bayyana, har aka ba shi koyar da kimiyyar fiziks a birnin Lyon bai kai shekara ashirin ba.

A shekarar 1764 ya zana taswirar garinsu. Wani hafsan soja ya ga zanen, ya yi masa hanya zuwa makarantar injiniyoyin soja ta Mézières. Sai dai a wancan zamani 'ya'yan sarauta kaɗai ake horarwa su zama hafsoshi, don haka aka ajiye shi a matsayin mai zane. Wata rana aka ba shi aikin tsara ganuwar da za ta kare mayaƙa daga harbin abokan gaba, aikin da kan ci dogon lissafi. Shi kuwa ya warware shi da zane cikin ɗan lokaci. Daga nan ya gina fannin zayyana siffofi, wato hanyar nuna abu mai tsawo da faɗi da kauri a kan takarda, ta yadda maƙeri ko magini zai iya ƙera shi daidai. Hukumar soja ta ɓoye wannan ilimi shekaru da yawa a matsayin sirrin yaƙi.

Bayan juyin juya halin Faransa, Monge ya riƙe muƙamin ministan sojan ruwa daga 1792 zuwa 1793. Ƙasar na cikin yaƙi, ga ƙarancin injiniyoyi. Saboda haka a 1794 shi da Lazare Carnot da wasu masana suka sa gwamnati ta kafa makaranta a birnin Faris, wadda aka raɗa wa suna École Polytechnique a 1795. Ɗalibai kusan 400 aka fara da su, kuma jarrabawa ce ta shigar da su, ba asalin gidansu ba. Ta haka Monge ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar da aka taɓa rufe masa.

Manhajar makarantar ta ƙunshi lissafi da fiziks da kimiyyar haɗa sinadarai da zane. Ɗalibi kan fara samun wannan tushe, sannan ya wuce makarantar ƙwarewa, kamar ta haƙar ma'adinai ko ta gina hanyoyi da gadoji. Monge ya horar da zaƙaƙuran ɗalibai su riƙa bita da 'yan uwansu rukuni-rukuni. Haka kuma ya koyar a makarantar horar da malamai da aka buɗe a 1795, kuma darussansa na can ne aka buga a littafi a 1799.

A 1798 ya raka Napoleon zuwa Masar, inda ya shugabanci cibiyar bincike a Alƙahira. Wannan kusanci ne ya jawo masa wahala, domin da sarauta ta dawo mulki sai aka kore shi daga majalisar masana a 1816. Ya rasu a Faris ranar 28 ga Yuli, 1818. An hana ɗaliban makarantar halartar jana'izarsa, amma daga baya suka ɗunguma zuwa kabarinsa don girmama shi.

Makarantar ta ci gaba bayansa. Ta fara ɗaukar mata a 1972, ta koma garin Palaiseau a 1976. A 1989 aka mayar da gawarsa Panthéon, makwancin manyan mutanen Faransa. Darasin da malami zai ɗauka a nan shi ne, ya auna ɗalibi da ƙoƙarinsa, kada ya auna shi da gidan da ya fito.