Roger Taney: Ministan da Majalisar Dattawan Amurka ta fara ƙi

A ranar 24 ga watan Yuni na shekara ta 1834, Majalisar Dattawan Amurka ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun kafuwar ƙasar: ta ƙi amincewa da mutumin da shugaban ƙasa ya zaɓa ya zama minista. Ƴan majalisa 28 suka ƙi shi, 18 suka goyi bayansa. Mutumin shi ne Roger Taney, wanda shugaba Andrew Jackson ya ɗora a ma'aikatar kuɗi.

An haifi Taney a ranar 17 ga watan Maris na shekara ta 1777 a jihar Maryland, cikin gidan manoman taba masu bayi. Ɗan ɗariƙar Katolika ne. Ya kammala karatu a kwalejin Dickinson a 1795, ya soma aikin lauya a 1799. A ƙuruciyarsa ya ƴanta bayin da ya gada, kuma a 1819 ya tsaya wa wani mai wa'azi, Jacob Gruber, da aka gurfanar gaban shari'a saboda ya soki bauta a bainar jama'a. Ya yi nasara a shari'ar, sunansa ya ƙara fitowa.

Siyasa ce ta haɗa shi da Jackson, wanda ya naɗa shi ministan shari'a a 1831. A lokacin, babbar rigimar ƙasar ita ce ta Bankin Amurka na biyu, inda gwamnati ke ajiye kuɗaɗenta. Jackson na ganin bankin ya zama makami a hannun attajirai ƙalilan. Abokan hamayyarsa, ƙarƙashin jagorancin Henry Clay da Daniel Webster, na ganin bankin ne ke riƙe da darajar kuɗin ƙasa. Da majalisa ta sabunta wa bankin izini a 1832, Jackson ya hau kujerar na ƙi, kuma Taney na cikin waɗanda suka rubuta masa hujjojinsa.

Bayan ya sake cin zaɓe, Jackson ya ƙuduri aniyar kwashe kuɗin gwamnati daga bankin. Doka kuwa ta bai wa ministan kuɗi kaɗai wannan iko. Minista Louis McLane ya ƙi, aka maida shi ma'aikatar harkokin waje. Wanda ya gaje shi, William Duane, shi ma ya ƙi, aka sallame shi. A watan Satumba na 1833 Jackson ya damƙa wa Taney ma'aikatar.

Saɓanin ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, inda sa hannun shugaban ƙasa ya isa a naɗa minista, kundin tsarin mulkin Amurka ya wajabta neman amincewar Majalisar Dattawa. Sai dai ya bar wata ƙofa: idan majalisa na hutu, shugaba na iya naɗi na wucin gadi. Ta wannan ƙofa Taney ya shiga, ya kuma karkatar da kuɗin gwamnati zuwa bankunan jihohi. Shugaban bankin, Nicholas Biddle, ya maida martani da tsuke bashi, kasuwanni suka shiga ƙunci.

Ƴan adawa, waɗanda suka ɗunkule suka zama jam'iyyar Whig, su ke da rinjaye a majalisar. A watan Maris na 1834 suka kaɗa ƙuri'ar tsawata wa Jackson. Shi kuwa ya san abin da ke jiran mutuminsa, shi ya sa ya riƙe sunan Taney har wata tara kafin ya miƙa shi. Kashegarin miƙawa aka yi watsi da shi.  An doke shi ne domin a rama wa shugaban ƙasa. Ya ajiye aiki ya koma Baltimore.

Jackson bai haƙura ba. A 1835 ya gabatar da shi a matsayin alƙalin Kotun Ƙoli, majalisa ta jingine batun ba tare da sa rana ba. Bayan rasuwar babban alƙali John Marshall, ya sake kawo sunansa. Zaɓe ya riga ya sauya lissafin majalisar, sai aka amince da shi a ranar 15 ga watan Maris na 1836 da ƙuri'a 29, 15 suka ƙi. Wanda aka hana kujerar minista ya samu wadda ta fi ta, ya zauna a kanta shekara 28.

A kan wannan kujera ce ya yanke hukuncin da ya ɓata sunansa. Dred Scott bawa ne da ya nemi ƴanci saboda ubangidansa ya zauna da shi a yankunan da aka haramta bauta. A ranar 6 ga watan Maris na 1857, alƙalai bakwai cikin tara suka ƙi ƙararsa. Taney ne ya rubuta hukuncin, inda ya ce baƙar fata, bawa ko ɗa, ba ya cikin ƴan ƙasar Amurka, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a sababbin yankuna. Ya yi zaton zai kashe wutar gardamar bauta, sai hukuncin ya ƙara rura ta. Shekara huɗu bayan haka, shi da kansa ya rantsar da Abraham Lincoln, kuma cikin ƴan makonni yaƙin basasa ya ɓarke.

Taney ya rasu a ranar 12 ga watan Oktoba na 1864 yana da shekara 87, daidai lokacin da jiharsa ta Maryland ke kaɗa ƙuri'ar soke bauta. Gyaran kundin tsarin mulki na 14, a 1868, ya rushe hukuncinsa ta hanyar bai wa duk wanda aka haifa a ƙasar haƙƙin zama ɗan ƙasa. A 2017 aka ɗauke mutum-mutuminsa daga harabar majalisar Maryland, kuma a 2022 aka kafa dokar maye gurbin wanda ke majalisar tarayya da na Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙali a Kotun Ƙoli.

Ƙin amincewa da minista ya kasance abu mai wuya a Amurka. Tun daga Taney, mutum tara kacal Majalisar Dattawa ta kayar da ƙuri'a, har da shi kansa. Na baya-bayan nan shi ne John Tower, wanda aka hana ma'aikatar tsaro a 1989.