Edsger Dijkstra: Farfesan da ya koya wa manhajojin kwamfuta bin layi

A kowace daƙiƙa, manhajoji da dama ne ke rububin ma'ajiyar bayanai guda a cikin wayar da ke hannunka. Dabarar da ke hana su tattake juna ta samo tushe daga aikin wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Wybe Dijkstra, wanda ya rasu sama da shekara 20 da suka wuce.

An haife shi ranar 11 ga Mayun 1930 a birnin Rotterdam. Mahaifinsa masanin sinadarai ne, mahaifiyarsa kuma gwanar lissafi. Ya karanta kimiyyar fiziks a Jami'ar Leiden, amma tun yana ɗalibi, a 1952, Cibiyar Lissafi ta Amsterdam ta ɗauke shi aikin rubuta manhaja, ya zama mutum na farko da ya riƙi wannan sana'a a ƙasarsa.

Sana'ar ba ta da ko suna a idon hukuma. Lokacin da zai auri Ria Debets a 1957, jami'an rajistar aure sun ƙi amincewa cewa akwai wani aiki wai shi rubuta manhaja. Dole aka rubuta masanin fiziks a takardar.

Shekara guda kafin auren, yana zaune da Ria a wani shagon shan gahawa, ya gano hanyar lissafa tafiya mafi gajarta tsakanin garuruwa cikin kimanin minti 20. Ya wallafa ta a 1959, kuma har gobe ana amfani da ita wajen nemo hanya a taswira da aika bayanai a intanet.

Matsalar hannu da yawa a akushi ɗaya

A 1962 ya zama farfesa a Eindhoven, inda shi da abokan aikinsa suka shiga gina babbar manhajar da za ta tafiyar da kwamfutar Electrologica X8. Sun kira ta THE, daga haruffan farko na sunan makarantar. Burinsu shi ne kwamfuta ɗaya ta riƙa gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda.

A nan gizo ke saƙar. A ɗauka akwai lamba 5 a ma'ajiya, manhajoji biyu kuma kowace na son ƙara 1. Ta farko ta karanta 5, kafin ta rubuta 6 sai aka dakatar da ita. Ta biyu ita ma ta karanta 5, ta rubuta 6. Ta farko ta dawo ta rubuta 6. An yi ƙari sau biyu, amma maimakon 7 an tashi da 6. Irin wannan kuskure yana da wuyar kamawa, domin manhajar na iya yin aiki lafiya sau dubu kafin ya bayyana sau ɗaya.

Dijkstra ya ɗauko maganin daga titin jirgin ƙasa, inda sigina ke tsayar da jirgi har sai wanda ke kan layin ya wuce. Ya ƙirƙiro wata lamba mai gadi da ake kira semafo, wadda hanya biyu kaɗai ake taɓa ta. Ta farko, manhaja ta nemi izinin shiga, idan babu fili ta jira. Ta biyu, idan ta gama ta saki wurin ga na bayanta.

Sharaɗin shi ne kowane ɗaya daga cikin matakan nan ya gudana dunƙule, ba mai iya katse shi a tsakiya. Ko ya kammala gaba ɗaya, ko kuma bai fara ba. Shi ya sa masana ke danganta irin wannan aiki da ƙwayar zarra, wadda a da aka ɗauka ba ta rabuwa.

Haruffa biyu da suka wahalar da ɗalibai

Ya raɗa wa matakan suna P da V, daga harshensa na Holanci. A rubutunsa na farko sun tsaya ne a madadin kalmomin wucewa da sakewa. Daga baya ya bayyana V da kalmar verhogen, wato ƙarawa, P kuma da prolaag, kalmar da shi ya ƙaga, mai nufin gwada ragewa.

Ga wanda ba ya jin Holanci, haruffan ba sa faɗin komai. Abin mamaki, Dijkstra mutum ne da ya shahara da tsanani kan zaɓen kalma da alama. Waɗanda suka biyo bayansa sun riƙe dabarar, suka sauya sunayen. A Linux, wadda ita ce zuciyar Android, ana kiran su down da up. A ƙa'idar POSIX kuwa sem_wait da sem_post.

Batun suna bai mutu ba. A 2017 masu kula da Linux sun shigo da wani sabon ma'auni mai kariya, refcount_t, domin ƙirga sassa nawa ke amfani da wani abu a ma'ajiya. Tsohon ma'aunin, idan ƙirga ta cika ta tumbatsa, yana iya zagayowa zuwa sifili, a saki wurin da ake kan amfani da shi, masu kutse su samu ƙofa. Sabon yana cijewa ne idan ya kai maƙura. An kuma tsara sunayen umarninsa su yi kama da na da, kamar refcount_inc a gurbin atomic_inc, domin mai karatu ya gane aikin kowanne da kallo ɗaya.

Alƙalami maimakon kwamfuta

A 1972 Dijkstra ya samu lambar yabo ta Turing, mafi girma a fagen kwamfuta. Ya yi wa kamfanin Burroughs bincike daga gidansa da ke ƙauyen Nuenen daga 1973, sannan ya koma Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka a 1984, inda ya koyar har ya yi ritaya a 1999.

Duk da haka bai damu da amfani da kwamfuta ba. Yawancin rubuce-rubucensa na baya da alƙalamin tawada ya yi su, yana lambata su da haruffan sunansa, EWD, ya kwafa ya aika wa abokai. Lambobin sun haura 1,300, kuma jami'ar ta adana su a intanet.

Ya rasu a Nuenen ranar 6 ga Agustan 2002 bayan fama da cutar daji, yana da shekara 72. Shekara guda bayan nan, aka sanya sunansa ga lambar yabon da ake bai wa fitattun bincike kan yadda kwamfutoci da yawa ke aiki tare.