Jocky Wilson: Zakaran jifan kibiya da ya rufe wa duniya ƙofa

A shekarar 1979, wani magidanci marar aikin yi daga garin Kirkcaldy na ƙasar Skotland ya shiga gasar jifan kibiya a Ayr, ya ci fam 500. Wannan nasara ta sa hukuma ta yanke masa tallafin da take bai wa marasa aiki, don haka wasan ya zama sana'arsa ala tilas. Sunansa John Thomas Wilson, amma Jocky duniya ta san shi.

An haife shi ranar 22 ga Maris, 1950. Akasarin ƙuruciyarsa a gidan marayu ya yi ta. Ya taɓa aikin soja, ya yi dakon kwal, ya kuma shiga rami haƙarsa.

Wasan, wanda Turawa ke kira dats, ya taso ne daga mashayun Birtaniya. Ɗan wasa kan tsaya nesa da faifai da tazarar mita 2.37, ya jefa ƙananan kibau uku a kowane zagaye, yana rage maki daga 501 har zuwa sifili, kuma dole kibiyar ƙarshe ta faɗa siririn zoben da ke ninka maki biyu. Sana'a ce ta natsuwa da saurin lissafi, sai dai wanda ya kalli Jocky ba zai zaci natsuwa ba. Gajere ne kakkaura, yana fizgar jiki in zai yi jifa, ga shi son alewa ya raba shi da haƙoransa kaf tun yana ɗan shekara 28. Kibiyar ce dai ba ta cika kuskure ba.

A 1982 ya doke John Lowe da ci 5 da 3, ya zama zakaran duniya. Wasan da ba a mantawa da shi kuwa shi ne na ƙarshe a gasar 1989, tsakaninsa da babban abokin hamayyarsa, Eric Bristow na Ingila. Jocky ya yi gaba da 5 da nema, sai hannu ya soma rawa, Bristow ya farke huɗu a jere. Da kyar ya kammala da 6 da 4, ya karɓi fam 20,000.

Lokacin nan kasuwar wasan ta fara ja baya, domin gidajen talabijin sun janye. A 1993 yana cikin 'yan wasa 16 da suka ɓalle daga tsohuwar hukuma, BDO, suka kafa wadda a yau ake kira PDC. Ɓallewar ta jawo musu takunkumi da doguwar shari'a. Daga bisani hukumar tasu ta bunƙasa, har zakaranta na 2019 ya kwashi fam 500,000, amma Jocky bai ci moriyar gonar da aka nome da shi ba.

A Disambar 1995, yana da shekara 45, ya ajiye kibau ba tare da bikin ban kwana ba. Shan giya da taba sun riga sun ci jikinsa, ga ciwon sukari, kuma wasan ba shi da fansho. A 1998 aka ayyana shi a matsayin wanda ya yi karayar arziki. Ya koma wani ɗan gidan haya na ƙaramar hukuma a Kirkcaldy tare da matarsa Malvina, yana rayuwa da tallafin marasa lafiya, yana ƙin ganin 'yan jarida. Cutar huhu ta yi ajalinsa ranar 24 ga Maris, 2012, kwana biyu bayan cikarsa shekara 62.