Florence Nightingale (1820-1910): Yadda Ta Koyi Jinya a Ƙasashen Baƙunci

Kowace shekara ranar 12 ga Mayu ma'aikatan jinya na duniya sukan yi bikin ranarsu, gama ita ce ranar haihuwar Florence Nightingale. Da yawanmu mun san ta a hoto, riƙe da fitila tsakanin sojoji marasa lafiya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wahalar da ta sha kafin ta sami inda za ta koyi wannan aiki. Tun da fari sai mu faɗi gaskiya: ba 'yar Katolika ba ce. A Ikilisiyar Angalikan ta rayu, a cikinta kuma ta mutu, ko da yake hanyarta ta bi ta ƙofar Sistocinmu sau da dama.

An haife ta a 1820 a birnin Florence na Italiya, daga nan ta sami sunanta. Iyayenta attajiran Ingila ne. Mahaifinta da kansa ya koya mata harsuna da tarihi. Ranar 7 ga Fabrairu 1837, tana da shekara 16, ta ji a zuciyarta cewa Allah yana kiranta ga hidimarsa, amma ba ta gane wace irin hidima ba sai bayan shekaru. A 1845 ta roƙi izini ta je asibitin Salisbury ta koyi jinya na wata 3. Gidan ya ɗauki zafi, mahaifiyarta da yayarta suka ƙi sam. Kada mu yi saurin ganin laifinsu. A Ingila ta wancan zamani asibiti wurin ƙazanta ne, ana kuma yi wa masu jinya kallon mashaya marasa tarbiyya. Wace uwa ce za ta so 'yarta ta shiga can?

Tun da ƙofa ta rufe a gida, sai a waje ta buɗe. A Roma, cikin hunturun 1847 zuwa 1848, ta keɓe kanta kwana 10 domin addu'a a gidan Sistocin Tsattsarkar Zuciya na Trinita dei Monti. Da ta je Masar, ta ziyarci Sistocin Waliyyi Vincent de Paul a Iskandariya, ta ga yadda suke kula da matalauta. A hanyar komawa, cikin 1850, ta tsaya mako 2 a Kaiserswerth, wani ƙaramin gari a bakin kogin Rhine a Jamus. A can wani Fasto na Ikilisiyar Lutheran, Theodor Fliedner, ya kafa gida tun 1836 domin horar da mata masu hidimar ikilisiya. Akwai asibiti, da gidan marayu, da makarantar ƙananan yara, da mafaka domin matan da suka fito daga kurkuku.

A watan Yuli 1851 ta koma can a matsayin ɗaliba, tana da shekara 31, ta zauna har Oktoba. Mahaifiyarta ta yarda ne da ƙyar, ba ta kuma so mutane su sani. Matar da ta saba da barori sai ga ta tana tashi ƙarfe 5 na asuba tare da 'ya'yan manoma. Abinci ɗan kaɗan ne, minti 10 kawai ake ba kowane ci. Ta yi aiki a ɗakin maza da na mata da na yara, ta koyi wanke miki da ɗaure shi, ta taimaka a ɗakin haɗa magani, ta kwana tana gadin marasa lafiya. Ta tsaya a wurin da aka yanke wa wani mutum ƙafa, abin da babu wata 'yar babban gida a Ingila da za a bari ta gani, ta kuma yi jinyarsa bayan haka. Da yamma sukan taru domin nazarin Littafi Mai Tsarki. Duk wannan da harshen Jamusanci ake yi, harshen da ba nata ba.

Abin da ya fi burge mu shi ne hukuncin da ta yanke daga baya. Ba ta ɓoye cewa ilimin jinya a Kaiserswerth bai taka kara ya karya ba, tsabtar asibitin ma abin kunya ce. Duk da haka ta shaida cewa ba ta taɓa ganin sadaukar da kai irin na matan nan ba. A ganinmu, ɗalibi na ƙwarai ke nan: ya ga aibin makarantarsa, bai kuwa raina abin da ya samu a cikinta ba.

Ta san horon da take nema yana hannun Sistocin Katolika. A 1852 ta yi ta rubutu da Fada Henry Manning, wanda daga baya ya zama Kadinal, har ta yi tunanin shiga Ikilisiyarmu, amma ba ta shiga ba. Da taimakonsa aka shirya mata zama da Sistocin Waliyyi Vincent a Paris. A 1853 ta zaga asibitocin birnin tana rubuta duk abin da ta gani. Ana gab da ta shiga gidan Sistocin sai aka kira ta gida, kakarta tana bakin mutuwa. Da ta dawo ta fara aiki, ba a daɗe ba ƙyanda ta kwantar da ita. Idan aka haɗa dukan horonta na asibiti, 'yan watanni ne kawai.

Da wannan ɗan guzuri ta karɓi shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley a Landan cikin Agusta 1853. Kwamitin wurin ya so a karɓi 'yan Angalikan kaɗai. Ta tsaya kai da fata sai an karɓi 'yan Katolika da Yahudawa, a kuma bar Fada ya ziyarci majinyatansa. Aka yarda.

A Oktoba 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta tashi zuwa Scutari a ƙasar Turkiyya da mata 38, 10 daga cikinsu Sistocin Katolika ne. Uwa Mary Clare Moore ta Sistocin Jinƙai ta zama aminiyarta har mutuwa ta raba su. Da Uwa Francis Bridgeman kuwa, wadda ta iso daga baya da Sistocin Ailan, ba su taɓa jituwa ba, gama Florence mace ce mai tsanani, ba ta son a raba iko da ita. A hunturun farko sojoji fiye da 4,000 suka mutu a Scutari, yawancinsu ba daga raunin yaƙi ba, daga kwalara da atuni da zazzaɓi. Sai da gwamnati ta aiko da masu duba tsabta a Maris 1855, aka gyara magudanan ƙazanta da hanyoyin iska, sa'an nan mace-mace suka ragu ƙwarai. Wannan darasi ne ya riƙe ta har ƙarshen ranta.

A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas a Landan, domin 'yan mata su sami a gida abin da ita ta nema a ƙasashen waje. Ta yi shekaru da yawa tana fama da ciwo, daga ɗakinta take aiki da alƙalami. Ta rasu ranar 13 ga Agusta 1910, tana da shekara 90. Aka nemi a binne ta a Westminster tare da manyan ƙasa, danginta suka ƙi bisa ga wasiyyarta. A makabartar cocin East Wellow aka binne ta kusa da iyayenta, a kan dutsen kuma haruffa biyu kawai aka rubuta, F. N., da ranar haihuwarta da ta rasuwarta.