Malam Aminu Kano a Bakin Allo

An fi sanin Malam Aminu Kano da siyasa, amma kafin ya hau dandalin lacca sai da ya shekara takwas yana aikin koyarwa. A cikin waɗannan shekaru ne aka ƙera mutumin da talakawa suka sani daga baya.

An haife shi a birnin Kano cikin shekarar 1920, a gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a kotun alƙali. Ya fara da karatun allo a gida, sa'an nan ya shiga elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, daga nan sai Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1942. A shekarar ce aka tura shi Midil ta Bauchi, yana saurayi ɗan shekara ashirin da biyu.

A wancan zamani tsakanin malami da ɗalibi akwai tazara mai yawa. Malami ya faɗa, yaro ya haddace, bulala kuwa tana kusa. Sabon malamin bai bi wannan hanya ba. Ya jawo yara a jika, ya shiga harkar sikawut tare da su, yana kuma shirya musu wasannin kwaikwayo masu nuna cuta da zalunci da jahilci. Yaron da ya fito a matsayin talakan da aka zalunta, da wuya ya koma gida bai tambayi kansa dalilin zaluncin ba. Abin da Malam yake nema ke nan: yaro ya koyi tambaya.

Shi kansa malamin a Bauchi ya ƙara wayewa. Can ya zauna da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur, suka riƙa halartar wani taron tattaunawa inda ake muhawara a kan mulkin En'e a gaban manya. Da tambayoyi suka yi zafi, sai hukuma ta rufe taron.

A 1946 ya sami tafiya Landan don ƙaro ilmin koyarwa. Da ya komo ya tsaya tsayin daka wajen kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, domin ya gane cewa malamin da ba a daraja shi ba, ba zai iya koya wa yaro sanin darajar kansa ba. Daga baya aka mai da shi Maru, cikin Lardin Sakkwato, makarantar horar da malaman elementare. Nan aikinsa ya ƙara nauyi, gama kowane ɗalibi da ya horar, gobe shi ne zai tsaya gaban yaran wani ƙauye.

Amma irin wannan koyarwa ba ta yi wa masu iko daɗi ba. Ya zama tilas ya zaɓa: ko ya kama bakinsa ya tsira da albashinsa, ko ya faɗi gaskiya ya rasa shi. Cikin 1950 ya ajiye aiki, ya shiga jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a shekarar, daga baya ya zama shugabanta.

Ko da yake ya bar aji, bai bar koyarwa ba. Har ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, jama'a ba su sauya masa suna ba, Malam suke ce da shi. Allah ya jiƙansa, amin.