Wiliyam Hashel, Makaɗin Da Ya Gano Hasken Da Ido Ba Ya Gani

A shekarar 2014 lokacin cutar Ebola, da kuma 2020 lokacin Korona, duk wanda ya bi ta babban filin jirgin sama ya ga wata na'ura da aka kafa a bakin ƙofa, tana duban matafiya tana nuna mai zazzaɓi ba tare da ta taɓa jikin kowa ba. Irinta ce 'yan kwana-kwana suke shiga da ita cikin hayaƙi su nemo wanda ya suma, irinta ce kuma soja suke ɗaurawa a kan bindiga su hangi mutum cikin duhun dare. Ba hasken fitila take gani ba, zafin jiki take gani. To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, mutumin da ya fara gano cewa akwai irin wannan hasken ba soja ba ne, ba likita ba ne, bai ma taɓa shiga jami'a ba. Makaɗi ne. Turawa suna rubuta sunansa William Herschel.

An haifi Hashel a birnin Hanoba ta ƙasar Jamus ran 15 ga watan Nuwamba, 1738. Ubansa Ishaku mabushi ne a rundunar soja, yana busa wata irin algaita ta Turawa, ya kuwa koya wa 'ya'yansa maza sana'ar tun suna ƙanana. Hashel yana da shekara 14 ya shiga cikin mabusan rundunar. Ana nan sai yaƙi ya tashi, Faransawa suka ci sojan Hanoba a 1757. Uban ya ga ɗansa ba ɗan yaƙi ba ne, ya sa shi ya gudu Ingila, bai kai shekara 20 ba, ba kuɗi, ba dangi sai wansa guda.

Ya sha wuya a farko. Ya yi ta kwafe wa mutane takardun kiɗa da hannu don ya sami na abinci, ya koma arewacin Ingila yana koyar da goge, yana tsara kaɗe-kaɗe nasa na kansa. A 1766 aka ɗauke shi aiki a garin Bath, inda attajirai suke zuwa hutu, yana kaɗa babban abin kiɗan nan mai bututu na majami'a. Nan fa arziki ya soma zuwa, almajirai suka yi masa yawa. A 1772 ya koma Hanoba ya ɗauko ƙanwarsa Karolin, wadda uwarsu ta mayar kamar baiwa a gida, shara da wanki da saƙa, ba a bar ta ta yi karatu mai zurfi ba. Nufinsa ta zama mawaƙiya.

Da a nan ya tsaya, da ba mu ji labarinsa ba. Amma mutumin yana da wata ɗabi'a, in ya dawo daga aiki ya gaji, maimakon ya kwanta sai ya ɗauki littafi. Ya karanta littafin wani malami Robat Simit a kan lissafin sautin kiɗa, ya ji daɗinsa, ya nemi wani littafin malamin wanda ya yi bayanin haske da yadda ake ƙera madubin hangen nesa. Shi ke nan, taurari suka shiga ransa. Ya yi hayar wani ƙaramin madubi, ya ga bai ishe shi ba. Da ya tambayi kuɗin babba, ya ji abin ya fi ƙarfin aljihunsa. Sai ya ƙudura zai ƙera da kansa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, don a nan ne hankalin mutumin ya bayyana. Hanya biyu ce ake tattara haske. Ko a bar shi ya ratsa ta cikin gilashi mai tudu a tsakiya, irin na tabarau, ko kuwa ya faɗa kan madubi mai zurfi kamar tasa ya dawo ya taru wuri ɗaya. A zamanin, babban gilashi garau marar tabo yana da wuyar samu, ga tsada. Hashel ya zaɓi hanya ta biyu, domin madubin ƙarfe ne, tagulla da kuza ake narkawa a haɗa, kowa kuwa yana iya sayen su. Daga 1773 gidansu ya koma maƙera. Kowane ɗaki da aikinsa, wannan na zubi, wancan na sassaƙa. Mazubin da ake zuba narkakken ƙarfen a ciki da kashin doki ake yinsa, Karolin ce ke daka shi a turmi ta tankaɗe. In an zuba ya huce, sai aikin gugar madubi da hannu, wanda ba ya son a ɗaga hannu in an soma. Akwai ranar da ya yi awa 16 yana guga bai saki ba, ƙanwar tana sa masa loma a baki. Madubai da yawa sun lalace kafin ya sami na kirki. Wata rana a 1781 tanderu ya tsage, narkakken ƙarfe ya malala a ƙasa, duwatsun daɓe suka yi ta fashewa suna tashi sama, kowa ya yi ta kansa. Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu.

Daren 13 ga Maris, 1781, yana bayan gidansa da madubinsa mai tsawon ƙafa 7, yana bin taurari ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga wani wanda bai yi kama da sauran ba. Sauran ɗigo ne kawai komai ƙarfin madubi, wannan kuwa yana da ɗan faɗi. Bayan 'yan kwanaki ya duba ya tarar ya gusa. Ya ɗauka tauraro mai wutsiya ne, haka ma ya sanar. Sai da masana lissafi suka bi hanyarsa suka ga ashe wata duniya ce mai kewaya rana, nisanta ya kusa ninka na Zuhalu. Tun zamanin kakanni biyar aka sani ban da tamu: Uɗaridu, Zahra, Mirriku, Mushtari da Zuhalu. Ga wani mai koyar da kiɗa ya ƙara ta shida da madubin da ya goge da hannunsa. Ya so ya sa mata sunan Sarkin Ingila Joji na Uku, mutanen sauran ƙasashe ba su yarda ba, daga baya aka tsaya a kan Yuranus.

Sarki dai ya ji daɗi. A 1782 ya yanka masa albashi fam 200 a shekara, ya bar kiɗa ya koma kusa da fada. Kuɗin bai kai abin da yake samu da ba, saboda haka ya riƙa ƙera madubai yana sayarwa. Daga 1786 ya zauna a garin Silau har ƙarshen ransa. Aikinsu kuwa ga yadda yake: shi yana bisa tsani a waje cikin sanyin da har tawada take daskarewa, yana faɗin abin da ya gani, Karolin tana zaune da agogo tana rubutawa, gari ya waye ta yi lissafi ta shirya. Da haka suka tara jerin gungun taurari da hazo-hazon sama 2,500. Ni a ganina ana rage wa wannan mata haƙƙinta in ana ba da labarin. Ita kanta ta gano taurari masu wutsiya 8, kuma a 1787 Sarki ya sa mata albashi fam 50. Wani dare a ƙarshen 1783 tana gudu cikin ƙanƙara don ta gyara madubi, ta faɗa kan ƙugiyar ƙarfe ta yage mata ƙafa, da ta warke ta koma bakin aiki.

A 1789 ya gama babban madubinsa mai tsawon ƙafa 40, wanda Sarki ya ba da fam 4,000 don gina shi. Ya yi shekara 50 da 'yan kai ba kamarsa a duniya, amma gaskiya bai biya wahalarsa ba. Juya shi aiki ne, madubin kuma yana saurin dusashewa. Yawancin aikin kirki da mai ƙafa 20 aka yi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko labarinsa. Hashel yana son duban rana, ido kuwa ba ya jurewa sai an sa gilashi mai launi ya tare. Yana gwada gilasai iri-iri sai ya lura da wani abu: wani gilashin yana rage haske ƙwarai amma ya ji zafi a idonsa, wani kuwa yana barin haske ya wuce da yawa amma zafin kaɗan. Ya tambayi kansa, shin kowane launi da nasa zafin? A farkon 1800 ya rufe ɗaki ya bar 'yar kafa, ya sa gilashi mai kusurwa uku a bakinta, hasken rana ya ratsa ya rabu launi-launi a kan tebur kamar bakan gizo. Ya kawo ma'aunin zafi guda uku, ya shafa wa kawunansu baƙi don su sha zafi sosai. Ɗaya ya sa cikin launi, biyu ya ajiye a gefe cikin inuwa, don ya tabbata ba ɗumin ɗakin yake aunawa ba. A launin shunayya na can ƙarshe ma'aunin ya hau digiri 2 na Farenhait, a kore 3 da 'yan kai, a ja ya kusa 7.

Wani da ya rubuta wannan ya tashi. Shi kuwa ya ga zafin yana ta ƙaruwa wajen ja, bai ga alamar ya kai iyaka ba. Sai ya tura ma'aunin gaba da ja, wurin da ido bai ga komai ba sai tebur. Ma'aunin ya hau, har ya fi na cikin ja. Ya gwada ɗaya gefen, bayan shunayya, bai sami komai ba. Ya sake, ya sake, abin bai canja ba. Ashe rana tana aiko da wani haske da idon ɗan Adam bai iya gani.

Bai tsaya nan ba. Ya nuna cewa madubi yana mayar da wannan zafin kamar yadda yake mayar da haske, gilashi mai tudu kuma yana tara shi wuri ɗaya. Ya same shi a wutar murhu, da kyandir, da ƙarfen da aka gasa. Cikin shekarar ya aika wa ƙungiyar masana ta Landan takardu huɗu a kai. Amma ba komai ya dace ba. A ƙarshe ya karkata ga cewa wannan zafin da haske abubuwa biyu ne dabam, alhali abu ɗaya ne, tsawon zangon igiyarsu ne kawai ya bambanta. An kuma gane daga baya cewa gilashin mai kusurwa uku yana cunkushe hasken wajen ja, shi ya sa zafin ya fi taruwa can. Kai, mutumin nan har ya taɓa rubuta cewa mai yiwuwa akwai halittu masu zama a cikin rana, ƙarƙashin gajimaren wuta. Sunan infirared, wato na ƙasa da ja, bayan mutuwarsa aka ƙirƙiro shi.

Ya yi aure a 1788, ya haifi ɗa guda, Jon, a 1792. Ya rasu a Silau ran 25 ga Agusta, 1822, saura wata uku ya cika shekara 84, kusan daidai da lokacin da Yuranus take ɗauka ta kewaye rana sau ɗaya. Karolin ta koma Hanoba, ta rayu har 1848, ta bar duniya tana da shekara 97.

Jon ne ya fara mayar da zafi hoto. A 1840 ya shafa wa takarda baƙin hayaƙi a baya, ya jiƙa ta da sinadari mai saurin bushewa, ya haska mata hasken rana da aka raba, inda zafi ya fi yawa ya riga bushewa ya bar tabo. Sai dai akwai wata matsala da ta tsaya wa kowa. Zafin rana da Hashel ya auna yana kusa da ja, shi ya sa ya ratsa gilashi. Zafin jikin mutum kuwa zangonsa ya fi na hasken da muke gani tsawo kusan sau 20, gilashin taga bango ne a gare shi. Wani Ba'italiye, Meloni, ya gano bayan 1830 cewa gishirin dutse garau yana barin zafi ya wuce, ya sassaƙa idon na'ura da shi. Ga araha, amma kowa ya san halin gishiri da damina, laima tana cin fuskarsa.

Da aka zo ƙera na'urorin ganin zafi na zamani, sai aka dogara ga wani ma'adini, jamaniyam, wanda aka gano a Jamus a 1886. In ka riƙe shi kamar ƙarfe ne mai walƙiya, ba ka ganin komai ta cikinsa, amma zafi yana ratsa shi sarai. Ba a haƙa raminsa shi kaɗai, ɗan kaɗan ake tsinta wajen tace tutiya da tokar kwal, kuma kowane ido sai an sassaƙa shi ɗai-ɗai da bakin lu'ulu'u ko an goge shi. Shi ya sa idon yakan cinye babban rabo na kuɗin na'urar. A watan Agusta na 2023 ƙasar Sin, wadda ta fi kowa fitar da shi, ta sa sharuɗɗa a kan sayar da shi waje, tsada ta ƙaru. Masu ƙira suka ƙara mayar da hankali ga wani baƙin gilashi da ake haɗawa da farar wuta ko 'yar'uwarta seleniyam. Shi wannan in an ɗumama shi yana laushi, a danna shi cikin mazubi ya fito da siffarsa, a yi dubbai da mazubi ɗaya ba sai an goge kowanne ba. Da irinsa ake yin ƙananan na'urorin ganin zafi da ake sa wa motoci, da waɗanda masu gyaran lantarki suke maƙala wa wayar hannu su nemo wayar da ta yi zafi cikin bango.

A 2009 ƙasashen Turai suka harba wani madubin hangen nesa sararin sama, faɗinsa mita 3.5, aikinsa duban wannan hasken daga wuraren da ake haihuwar taurari, suka sa masa sunan Hashel. Ya yi aiki har watan Afrilu na 2013, sa'ad da ruwan da ke sanyaya na'urorinsa ya ƙare.